Rumfa A Kasuwar Duniya Ko Cinikin Sanayya: Wanne Ya Fi Wa Mace Amfani?

Maganarmu ta yau ta sana'a ce, kuma ta shafi duk macen da ke juya ɗan jarinta, ko mai haɗa turaren wuta da humra ce, ko mai ɗinkin zanen gado, ko mai saƙar kayan jarirai, ko mai yajin daddawa da garin kunu da man gyaɗa, har da wadda ke saro atamfa da leshi tana kaiwa gidaje.

Kowace shekara idan lokacin kasuwar baje koli ya ƙarato, sai ki ji gidajen rediyo sun ɗauka, ana ta kiran masu sana'a su zo su kama rumfa su nuna wa duniya hajarsu. Mata da dama sukan kwashi adashin da suka yi wata da watanni suna zubi, wasu har su sayar da tunkiya ko ɗan kunnen gwal, su je su kama wuri. Akwai masu dawowa da murna. Akwai kuma masu dawowa da rabin kayansu a ɗaure, ga gajiya, ga bashi, ga kunyar haɗa ido da maigidan da aka sha fama kafin ya ba da izni. To 'yar'uwa, kafin ki ɗaure kaya, bari mu zauna mu duba ko rumfar nan har yanzu tana biyan kuɗinta, ko kuwa cinikin ya koma wani wuri ne ba mu lura ba.

YADDA ABIN YA FARO

An fara babbar kasuwar baje koli ta Legas a shekarar 1977, sa'an nan ta Kaduna ta biyo baya a 1979, wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, watau KADCCIMA, take shiryawa. Jama'a suka sa mata suna Kasuwar Duniya. Da fari a Dandalin Murtala take ci, daga baya aka mai da ita mazauninta na dindindin a kan hanyar Zariya, wajen Rigacikun. Galibi cikin watan Fabrairu ko Maris ake yin ta, kuma takan ɗauki kwana goma. Kano ma tana da tata a filin baje koli na titin gidan namun daji, wadda akan yi wajen ƙarshen shekara. Haka nan Inugu da Abuja. A Jamhuriyar Nijar kuwa akwai wadda aka keɓe domin sana'o'in hannu na mata a birnin Yamai, ana kiran ta SAFEM, an fara ta a shekarar 2000.

Ki tambayi iyayenmu mata da suka ga Kasuwar Duniya a shekarun 1980, za su ba ki labari har ki gaji. A lokacin babu wayar hannu, talabijin kuwa sai da yamma ake buɗe ta, kuma ba kowane gida ke da ita ba. In an fito da sabon keken ɗinki ko injin markaɗe ko risho, babu yadda za ki gan shi sai kin je inda aka baje shi. Ga masaƙun Kakuri suna aiki dare da rana, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa na Kano, ga kuma baƙi daga ƙasashen waje. Sau da yawa wanda ke tsaye a rumfar babban ma'aikacin kamfani ne, mai ikon cewa an ba ka wakilcin kayanmu a garinku. Ɗan kasuwa kan shiga da 'yar jakarsa ya fito ya zama dila. Mu mata ma ba a bar mu baya ba, domin bayan da Maryam Babangida ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, an yi ta shirya baje kolin kayan da matan ƙauye ke yi, irin su tabarma da faifai da kayan rini da sabulu, har matan birni suka san akwai gwanaye a karkara.

ABIN DA YA SAUYA

Abu na farko shi ne mutuwar masana'antu. Tun daga 1986 da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta yi ta faɗuwa, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, ga yadi mai araha yana kwararowa daga waje, na halal da na fasa-ƙwauri. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki tun 1957, ta rufe a 2002. Babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, ko da yake an yi ƙoƙarin farfaɗo da ita daga baya. To idan mai yin kaya ya tafi, wa zai cike gurbinsa a filin baje koli? Sai mai saro kaya. Shi ya sa in kin zagaya za ki tarar rumfuna da yawa irin kayan Kasuwar Barci ne a cikinsu, ko na Kantin Kwari, ko na Sabon Gari, watau robobi da takalma da kayan girki, ga masu maganin gargajiya da lasifika, ga lilon yara da masu tsire. Har yanzu manyan kamfanoni da bankuna da hukumomin gwamnati suna zuwa, kuma masu shiryawa suna bakin ƙoƙarinsu. Sai dai taron ya fi karkata ga buɗe ido da sayen ɗai-ɗai, ke kuwa mai sari kike nema.

Abu na biyu shi ne waya. A shekarar 2001 ne wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, daga baya aka samu mai ɗaukar hoto, aka samu WhatsApp da Facebook da Instagram. Aikin rumfa a da shi ne ta haɗa ido da kaya. Yau kuwa mace tana ɗakinta a Funtuwa za ta ga sabon leshin da aka sauke a Kwari da safe, ta zaɓa, ta tura kuɗi ta banki, a kai tasha a ba direba, kafin magariba kaya sun iso. Abin da a da sai an jira shekara guda a gani, yanzu kullum yana tafin hannu.

Abu na uku shi ne tsadar tafiya. Cutar korona ta 2020 ta hana taro na wani lokaci, kuma ta koya wa mutane da yawa cewa ana iya ciniki ba a haɗu ba. Sa'an nan ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba a nan ta tsaya ba. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin dako ya tashi, abinci ya tashi. Mai saye ma da ya shigo filin, aljihunsa ya riga ya ji jiki tun a hanya.

Kada ki ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A birnin Hanoba na ƙasar Jamus an yi wata kasuwar baje kolin kwamfuta mai suna CeBIT, wadda babu kamarta a duniya a zamaninta. A 2001 mutane fiye da 800,000 suka halarta. A 2018 adadin ya dawo wajen 120,000, kuma a wannan shekarar masu ita suka ce sun daina. A birnin Bazel na ƙasar Suwizalan akwai ta agogo da kayan ado, wadda asalinta ya faro tun 1917. Kamfanin Swatch ya janye a 2018, Rolex da wasu manya suka bi shi a 2020, tun kuma ta 2019 ba a sāke cin ta ba. Manyan kamfanonin sun ga kuɗin rumfa ya fi amfaninta, sun gwammace su kira dilolinsu su gana da su kai tsaye. Amma akwai wadda ke tsaye da ƙafafunta, ita ce ta birnin Gwangzu na ƙasar Sin, da ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, wadda 'yan kasuwarmu na Kano ma sukan je. Dalili kuwa a fili yake: masu yin kayan da kansu ne ke zaune a rumfunan, masu zuwa kuma sari ya kawo su.

MU YI LISSAFI

A ce humra kike haɗawa, kuma bayan kin cire kuɗin kayan haɗi da na kwalba, ribarki a kan kowace kwalba naira 500 ce. A ce kuma kuɗin rumfa, da na motarki da ta kaya, da dako, da abincin kwana goma, da ladan yarinyar da za ta taya ki tsaro, da ƙyallen da za a rubuta sunan sana'arki, duka sun tashi naira 200,000. Wannan misali ne kurum, ke za ki sa naki adadin. Ki raba 200,000 da 500, zai ba ki 400. Watau sai kin sayar da kwalba 400, kwalba 40 kowace rana har kwana goma, kafin ki mai da abin da kika kashe, ba a ma zo maganar riba ba tukuna. Kuma ba mu sa cinikin gida da ya wuce ki a kwanakin nan ba, ba mu sa kwalbar da ta fashe a mota ba, balle wadda aka ƙarar wajen shafawa a bayan hannu don a ji ƙamshi.

Wata za ta ce ai ba don cinikin kwana goma ake zuwa ba, don a san mutum ne. Wannan magana gaskiya ce, amma ita ma tana da ma'auni. Bayan an tashi da wata guda, mutum nawa ne daga cikin waɗanda suka tsaya a rumfarki suka sāke neman ki? Nawa ne suka ce ki aiko da dozin biyar? In akwai su, to rumfa ta yi aikinta. In kuwa babu, to an dai ga fuskarki ne an wuce.

INDA AKE ƘULLA BABBAN CINIKI

Ko a cikin filin baje kolin kansa, ki lura da kyau. Mai rumfa a ɗaure take tun safe har dare, ba ta iya matsawa don kada a ɗauke mata kaya, tana ta amsa nawa ne wannan, nawa ne wancan, ga masu taya kwalba ɗaya. Babban mai saye kuwa yakan zo ya duba, ya yi shiru, ya wuce. Maganar gaske sai a rumfar mai abinci, ko bayan an idar da sallar azahar, ko da dare a masauki, inda wani zai ce wa wani, ina neman mai yaji mai tsabta da za ta riƙa ba ni buhu biyu duk wata, wa ka sani? Sari ba ya rabuwa da bashi, ko dai ki ba da kaya a biya ki daga baya, ko a ba ki kuɗi ki kawo kaya daga baya. Bashi kuwa sai da yarda, yarda kuma ba ta samuwa daga kallon ƙyallen rumfa. Sai an samu wanda zai ce na san ta, na san gidansu, ba ta cin amana.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wani Bature masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya ga yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Mai shanu zai sauka a gidan maigidansa, maigida ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su fito, domin maigida ya san kowa, kuma duk wanda ya ci amana sau ɗaya kasuwar ta rufe masa. Haka kuma wata Baturiya, Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta tarar cewa hatsi da abinci masu yawa ba sa bi ta kasuwa ko kaɗan, matan kulle ne ke cinikinsu daga gida zuwa gida ta hannun yara, har ta kwatanta garin da saƙar zuma, kowane gida ɗaki ne na kasuwa guda. Ashe kakanninmu mata sun daɗe da nasu baje kolin, ba su biya kuɗin rumfa ba.

Har gobe haka abin yake. Ki duba inda cinikinki mai tsoka yake fitowa. An kai amarya, ɗaki ya ɗauki ƙamshi, sai wata daga cikin dangin ango ta ce wa ya haɗa wannan turare? Wannan tambaya guda ta fi ƙyallen rumfa goma, domin ta ji da hancinta, kuma wadda ta amsa mata mutuniyar da ta yarda da ita ce. Ankon biki turmi hamsin, wa ake ba kwangilarsa? Ƙawar uwar amarya ko wadda ƙawar ta nuna. Kayan lefe da na gara da na suna duk haka suke tafiya. Ga makarantar Islamiyya ta matan aure, ga gidan kitso da na lalle, ga layin awon ciki a asibiti, ga ɗakin malamai, ga ranar kwasar adashi. Ga kuma dillaliya, wadda ta san ɗakin da ake shirin aurar da 'ya da ɗakin da ake neman kuɗin gaggawa. Waya ba ta ƙirƙiro wannan ba, ta dai ƙara masa sauri ne. Zauren WhatsApp na 'yan ajinku ko na matan unguwa, tsohon zumuncin nan ne da Hausawa suka ce a ƙafa yake, yanzu ya samu abin hawa.

SHI MA YANA DA NASA CIWON

Kada in yabi cinikin sanayya in ɓoye miki aibinsa. Babban ciwonsa bashin kunya. Yayar maigida ta ɗauki zanen gado biyu ta ce sai ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo ya wuce, ke kuma ba ki iya buɗe baki don kada a ce kin raba zumunci. Jarin mata da yawa a nan ya narke. A rumfa kuwa baƙo ba ya cewa a rubuta, ya biya ya ɗauka.

Na biyu, da'irarsa ƙarama ce. In duk ƙawayenki goma turaren wuta suke sayarwa, wa zai sayi na wa? Kuma sanayya tana bin mai ita. Matar da ke zaune cikin masu hali, masu hali take sayar wa. Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, ko gwanar saƙa da ke ƙauye, ko wadda mijinta ya rasu ta koma gidan iyaye, duk iya hannunsu ba su da wanda zai ambaci sunansu a inda kuɗi suke. Nan ne kasuwar baje koli ta fi adalci, domin ƙofarta ba ta tambayar 'yar wace ce ke.

Na uku, wayar da ta kawo sauƙi ta kawo macuta. Akwai masu turo saƙon banki na ƙarya a ce an biya, akwai masu nuna hoton kaya mai kyau su aiko da wani daban. Wadda kika sani a waya kaɗai ba ki san ta ba tukuna. Na huɗu, sanayya tana da iyaka: babban kanti ba zai ɗora yajinki ko man shafawarki a kan kantarsa don kina ƙawar matar mai shi ba, sai ya ga lambar hukumar NAFDAC.

Akwai kuma na biyar, wanda ya fi damuna a matsayina na malamar makaranta. Cinikin cikin gida tun asali a kan 'ya'ya mata yake tafiya. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, daidai lokacin da aka fara shirin ilmin firamare kyauta na 1976, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga tallan yara, har makaranta da faranti suka zama kishiyoyi. Har yau muna ganin kujerar yarinya babu kowa ranar kasuwa, ko ta zo tana gyangyaɗi don ta kai dare wajen talla. 'Yar'uwa, in waya za ta iya kai hoton kayanki gida ɗari cikin minti ɗaya, to uzurin ɗora wa yarinya faranti lokacin makaranta ya ragu ƙwarai. Ki bar waya ta yi talla, yarinya ta yi karatu, gobe ita ce za ta riƙe miki littafin lissafi.

TO YAYA ZA A YI?

Ba cewa nake ki ƙaurace wa Kasuwar Duniya ba. Cewa nake ki san abin da ya kai ki. Idan kayanki masu tafiya da sauri ne ga 'yan kallo, irin su abinci da abin sha da kayan yara, kuma a garin kike ba sai kin biya masauki ba, rumfa tana iya biya. Idan kuwa mai sari kike nema, ga shawarwarina.

Da farko, ki je a matsayin mai ziyara kafin ki je a matsayin mai rumfa. Da iznin maigida, ki samu 'yar rakiya, ki ware kwana ɗaya ko biyu, ki zuba samfurin kayanki a ƙananan mazubai masu tsabta, kowanne da sunan sana'arki da lambar wayarki a jiki. Kuɗin shiga kaɗai za ki biya, ga ki kuma a sake, kina iya zagaya ko'ina. Ki tsaya wajen masu sayar da kwalabe da leda da injin liƙe baki, ki ji farashi. Ki tsaya wajen matan da suka zo daga wasu jihohi, ki gaisa da su, ki tambayi abin da ake nema a garinsu wanda babu. Mai kilishi daga wani gari tana iya zama mai sayar miki da humra a can, ke kuma ki riƙe mata nata a nan.

Na biyu, in lalle sai rumfa, to kada ki ɗauka ke kaɗai. Ku haɗu ku biyar masu kaya daban-daban, ku raba kuɗin, ku raba kwanakin tsaro, domin kowace ta samu lokacin zagayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma tuntuɓi ma'aikatar ciniki ko ta harkokin mata ta jiharku tun da wuri, domin gwamnatocin jihohi sukan kama nasu wurin su nuna kayan da ake yi a jihar, kuma wani lokaci ƙungiyar mata mai rajista takan samu gurbi a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ki yi amfani da zuwan hukumomi. A irin wannan taro akan samu ma'aikatan NAFDAC, da na hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da na hukumar ƙananan sana'o'i ta SMEDAN, da na bankuna, duk a fili guda. Ki tambaye su da bakinki abin da ake bukata da abin da ake biya, ki rubuta, don kada wani ɗan tsakiya ya ninka miki kuɗi daga baya. Ga macen da fitarta ba ta da yawa, wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Na huɗu, ki riƙe ɗan littafi. Duk wadda kuka yi magana mai ma'ana, ki rubuta sunanta da garinta da abin da ta nema. Kada mako ya cika ba ki kira ta kin gaishe ta ba. Yawancin sanayyar da ake ƙullawa a taro tana mutuwa ne don kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara kira.

Na biyar, ki sa wa cinikin zumunci ƙa'ida tun ranar farko. Ki rubuta kowane bashi a gaban mai karɓa, da ranar biya, ko da 'yar ɗakinku ce, domin rubuta bashi umurni ne na addininmu, babu abin kunya a ciki. Wadda ba ki sani ba, kada kaya su bar hannunki sai kin duba asusunki da kanki kin ga kuɗi sun shiga. Sabuwar mai sari ki fara ta da kaɗan. Sa'an nan ki tsare ingancin kayanki, domin bakin da ya yabe ki a gidan biki shi ne zai kushe ki a gidan suna in kin rage mudu ko kin sirka turare.

Na ƙarshe, ke da Allah ya ba jama'a, ki tuna da wadda ba ta da kowa. In kin san gwanar ɗinki ko ta saƙa da ke ɓoye a lungu, ki ambaci sunanta inda ake nema. Ba abin da zai ragu daga arzikinki, kuma wata rana ita ce za ta ambaci naki.

Masu sana'a da suka taɓa kama rumfa a Kaduna ko Kano ko Yamai, ina roƙonku ku rubuto wa wannan fili ku gaya mana yadda kuka kwashe, riba ko faɗuwa, domin 'yan baya su ƙaru. Allah ya sa albarka a cikin neman halaliyarmu, ya kare mu daga bashin da ba ya biyuwa, ya shirya mana zuriya, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.